Tukunyar Aro

Ranar Laraba bayan la'asar
Baba ya ce in zo da biro da takarda.
Na yago daga littafin lakkwal na 'yata,
na ce, Baba, mene ne na gaggawa?
Ya ce, gwiwata ce ta faɗa mini,
ita kuwa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Muka zauna gindin dogon yaro a Bagalam.
Ya aika aka kira Liman Tsayabu
da Nomau mai awon hatsi,
wai magana ba shaidu
ruwa ce a kan rairayi.

Na zaci da gida zai fara.
Ya ce, rubuta: bashi.
Buhu bakwai na gyaɗar Alhaji Ɗan Kwano,
tun shekarar da gulbi ya shigo mana rumbu.
Ya rasu, 'ya'yansa na Tasawa, ba su sani ba,
amma ni na sani.
Jika goma sha biyu na mai magani a bakin tasha.
Sai tukunyar ƙarfe da aka aro ranar sunanka
daga gidan Indo mai fura, ba a mayar ba.
Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ya ce, gonar fadama.
Na gyara zama,
don na daɗe ina dasa mangwaro a cikinta, a zuciyata.
Ya ce, ba tamu ba ce, jingina ce.
Kakan su Illiya ya ba ni ita a wata baƙar shekara.
Ran da suka kawo kuɗin, ku kwashe fartanyunku,
kada wanda ya ce uffan.
Biro ya tsaya mini a hannu.
Nomau ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa.
Shekara arba'in muna cin gerontakin wani.

Takardar gida ma sunan yayansa ke kanta.
Ya ce, gobe ka kai ni a gyara
tun ina iya danna yatsa,
kada ku tsufa a kan bencin alƙali
kuna harare-harare da 'ya'yan ɗan'uwana.

Sai ya dubi ƙofar ɗaki
inda Harira ke shanya zanen gadonsa.
Shekara shida ita ke juya shi da dare.
Ya ce, a rubuta mata shagon kasuwa.
Liman ya ce, Malam, magaji ba ya cin wasiyya.
Baba ya yi shiru har kaza ta ratsa tabarma.
Ya laluba aljihu, ya ciro makulli,
ya ce, to, kyautar mai rai fa?
Liman ya ce, in ta karɓa yau, nata ne.
Harira ta zo da hannu jiƙe da kumfa.

Sulusin, ya ce, na Arzika ne,
wanda ya zo gidan nan a bayan uwarsa,
ba ya gadona, amma shi ke aske mini kai.

In na fara kiranka da sunan ƙanena,
in na nemi uwarku ina tambayar ina ta je,
Harira ce bakina, kai ne sa hannuna.
Kada ku sayar da jajayen awaki ku kai ni Yamai.
Ku bar ni inda nake jin kiran sallar Tsayabu.

Shaidu suka sa hannu. Magariba ta yi.
Da asuba na shiga madafa, na same ta
a bayan turmi, gindinta baƙi ƙirin.
Na wanke, na ɗora a kai,
ni da furfurata,
na nufi gidan jikokin Indo.